Na biya ɗan kwangila, masu kaya kuma sun biyo ni

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Babbar Kasuwar Sakkwato. Na ba wani kwangilar gina mini gida a Arkilla, na biya shi kusan duka kuɗin. Yanzu mai siminti da mai bulo da magina sun zo sun ce bai sallame su ba, wai tunda kayansu na jikin ginina, ni zan biya. Dole ne?

Amsa: Alhaji, Allah ya sawwaƙe. Idan jinga kuka yi, ya karɓi kuɗi gaba ɗaya don ya miƙa maka gida, to bashin nasa ne. A dokar Najeriya, wanda aka ƙulla ciniki da shi shi ake bi. A wurare kamar wasu jihohin Amurka ne doka ta ba mai kaya damar ɗora bashinsa a kan gidan, ko da mai gida ya riga ya biya.

Amma ka tuna da kyau: ka taɓa ce wa mai simintin, ko a waya, "ba shi, ina nan"? Idan ka faɗa, ka tsaya masa ke nan, kuma a Shari'a wanda ya yi lamuni shi ke biya. Shaidu biyu na iya tabbatar da hakan gaban alƙali. Haka nan idan aiken ɗan kwangilar kake yi ya sayo kaya da sunanka, wakilinka ne, bashin ya hau kanka.

Kada ka sake ba shi ko sisi. Tara rasit da shaidar kuɗin da ka tura ta banki, ka kira shi da masu bin bashin zama ɗaya a gaban mai unguwa. Ragowar kuɗinsa da ke hannunka a biya su da shi, da yardarsa a rubuce, kowa ya sa hannu. Kuma ka kiyaye bakinka a wurin. "Zan san yadda za a yi" na iya zama alkawari.

Ni dai magina da leburori zan fara sallama. Mai siminti na da jarin da zai jira, lebura kuwa da kuɗin yini yake cefane.

Sauran aikin, ka sayi siminti da rodi da kanka, ka riƙa biya mataki-mataki: linta, rufi, filasta. Ka riƙe kashi 5 cikin 100 sai kowa ya tabbatar an biya shi. In ya ƙi zuwa zaman, ka nemi lauya kafin su riga ka zuwa kotu.