Tambaya da Amsa: In sayi tsohon injin wanki da na busar da tufafi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar makaranta ce a nan Damagaram, muna zaune a unguwar Sabon Gari da maigidana da yara biyar, kuma wanki ya fi ƙarfina, domin ranar Lahadi kaɗai nake hutu, ita ma a bakin baho take ƙarewa. Wata maƙwabciyarmu da aka yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa Yamai tana son ta sayar mini da injin wanki mai ƙofa a gaba tare da injin busar da tufafi, duka biyun a kan jaka 180. Ta ce ita ma na hannu ta saye su shekara shida da suka wuce, cikin kayan da ake shigowa da su daga Turai. Maigida ya bar mini zaɓi. Me zan duba kafin in biya, kuma yaya zan kula da su?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara albarka ga zuri'a. Shawarata ita ce ki raba cinikin gida biyu, ki mai da hankali kan injin wanki, shi kuwa na busarwa kada ki ɗauke shi sai idan kyauta aka haɗa miki da shi ko kusa da kyauta. Tsufan inji ba ya tayar mini da hankali. Tsofaffin injuna masu maɓallin da ake murɗawa da hannu sun fi sauƙin gyara a wurin masu gyaranmu, kuma sun fi jure wa hawa da saukar wuta a kan sababbi masu allon lantarki, waɗanda idan katin lantarkin da ke sarrafa su ya ƙone sai a yi ta aike Kano ko Yamai ana neman irinsa. Abin da ya fi damuna shi ne ko gidanki zai iya ciyar da injin ruwa da wuta yadda yake so.

Mu fara da ruwa, tunda duk mutumin Damagaram ya san matsayinsa a garin nan, musamman daga watan Maris zuwa faɗuwar damina. Inji mai ƙofa a gaba yana shan kimanin lita 50 zuwa 60 a wanki ɗaya, wato bido biyu masu lita 25 da ɗan ƙari, kuma wannan bai kai abin da ake zubarwa a wankin hannu na tufafi masu yawan haka ba. Matsalar ita ce ba a zuba masa ruwa da bokiti. Da kansa yake ja daga famfo, kuma yana bukatar ruwan ya zo da ƙarfi, yawanci daga rabin bar zuwa bar 1 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin turin ruwa), wanda ya yi daidai da ruwan da ke gangarowa daga tsawon mita 5 zuwa 10. Idan tankinku a kan ɗaki yake, mita uku ko huɗu daga ƙasa, injin zai daɗe yana cika, wani ma ya gaji da jira ya tsaya a tsakiyar aiki. Maganin hakan shi ne a ɗaga tankin ko a saka ƙaramin injin tura ruwa. Idan kuwa gidanku ya dogara ne ga ƴan garuwa mafi yawan shekara, to ki haƙura da wannan injin gaba ɗaya, ki nemi mai baho biyu, wanda ake cikawa da bokiti, ɗaya yana wankewa ɗaya yana matsewa. Ba shi da kyan gani kamar wancan, amma ya fi dacewa da gidaje da yawa a garinmu.

Sai wuta. Ki leƙa bayan injin ko gefen ƙofarsa, za ki ga wata ƴar takarda da aka manna. Abin da kike nema shi ne 220 zuwa 240 V da 50 Hz, domin shi ne irin wutar da kamfanin lantarki na Nijar, NIGELEC, ke bayarwa, kuma kayan Turai haka suke. Idan kika ga 120 V da 60 Hz, kayan Amurka ne, ki bar shi komai arharsa, domin ko an saya masa babban taransifoma motarsa, wato abin da ke juya gangar wanki, ba za ta yi gudun da aka ƙera ta da shi ba, kuma za ta riƙa zafi. Injin wanki yana jan kusan wat 2000 a lokacin da yake dafa ruwa, amma idan aka sa shi a kan ruwan sanyi abin da yake ci kaɗan ne, kuma a yanayinmu ruwan tanki ma da ɗuminsa yake zuwa. Ki sa mai aikin wuta ya ja masa layinsa na kansa mai wayar ƙasa. Wannan ba abin sakaci ba ne, domin inji ne na ƙarfe da ruwa a cikinsa, a gidan da yara ke yawo ba takalmi.

Kada ki biya ko dala sai an yi wanki ɗaya cikakke a gabanki, da tufafi a ciki, tun daga jan ruwa har zuwa matsa ta ƙarshe. Tunda maƙwabciyarki ce, wannan ba zai yi wuya ba, kuma ba rashin yarda ba ne. Kafin a kunna, ki sa hannu ki juya gangar ciki. Idan ta juya shiru, madalla. Idan kika ji gurnani kamar ana niƙa tsakuwa, ko kika kama bakinta kika ji tana girgiɗi sama da ƙasa ita kaɗai, to boris ɗinta ya ci, kuma wannan shi ne gyara mafi tsada a injin wanki, wanda a wasu injunan ma ba a iya yi sai an sauya tukunyar da gangar ke ciki duka. A nan ne kawai zan ce ki janye ba tare da ciniki ba. Sauran cututtukan, irin su bel da ya saki, ko robar bakin ƙofa da ta tsage, ko famfon fitar da ruwa da ya toshe, ko gawayin mota da ya cinye, duk ana gyara su, sai dai ki sa a rage miki kuɗi. Ki duba ƙasan injin bayan an gama ko akwai ɗigon ruwa, ki kuma duba tsatsa a ƙafafu. Ranar ɗauko shi, a tambayi maƙwabciyar ko tana da kusoshin da ake ɗaure ganga da su lokacin tafiya. Idan babu, a ɗauke shi a tsaye, a tafi a hankali, kada a kwantar da shi a amalanke.

Dalilin da ya sa na ce ki bar injin busarwa shi ne ƙasashen da aka ƙera shi dominsu ba su da ranar da muke da ita. A nan, tufafin da inji ya matse sukan bushe a kan igiya cikin awa ɗaya ko biyu a mafi yawan shekara. Shi kuwa yana jan wat 2000 zuwa 3000, yana cin kilowat-awa 3 zuwa 4 a kowace busarwa, kuma za ki gan shi a takardar kuɗin wuta tun watan farko. Na yarda yana da rana a watan Agusta idan ruwa ya zauna, da kuma lokacin hunturu da ƙura ke mai da farin kaya ja kafin su bushe, amma igiya a cikin rumfa ko zaure tana biyan wannan bukata. Idan duk da haka kika karɓe shi, ki cire audugar da ke taruwa a rariyarsa bayan kowane aiki, domin ita ce ke kama wuta, kuma a fitar da bututun iskarsa waje idan yana da shi. Kada a kunna shi tare da injin wanki a layi ɗaya, kada kuma a bar shi yana aiki a fita unguwa.

Game da kulawa, abu na farko da ke kashe waɗannan injuna a gidajenmu shi ne garin sabulun wankin hannu. Kumfarsa ta yi yawa, tana cika ganga, tana hana ɗauraya, tana kuma tsiyaya har kan mota. Ki nemi wanda aka rubuta na inji ne, ki zuba kaɗan. Na biyu shi ne yashi. A inda tiyon ruwa ya haɗu da injin akwai ƴar ƙaramar rariya, a kwance ta a wanke duk wata. A ƙasa ta gaba kuma akwai ƙaramin murfi, a bayansa ne tsabar kuɗi da maɓallai da fil ɗin hijabi ke taruwa, don haka ki saba wa yara da zazzage aljihu. Ki bar ƙofar a ɗan buɗe bayan wanki don robar ta bushe kada ta yi wari, ki rufe saman injin da zane saboda ƙura, ki cire shi daga wuta idan an gama ko an ɗauke, domin dawowar wuta da ƙarfi ce ke ƙona kati. A ɗora shi a kan daɓen siminti mai daidai, a cikin inuwa, a kuma toshe hanyar ɓera, domin yana son wayoyin ƙasan inji. Kada ki cika gangar fam, ki bar wurin da tafin hannunki zai shiga a sama.

Shaddar maigida da manyan riguna masu aiki kuwa kada su shiga injin nan, domin zai kashe musu ƙyalli ya kuma ja zaren aikin, a ci gaba da kai su wurin masu wanki da bugu. Kayan makarantar yara, da zannuwan gado, da tawul, da kayan zaman gida su ne aikinsa. Ki je wurin maƙwabciyar da kwandon irin waɗannan kayan ranar Lahadi mai zuwa, tare da mai gyaran da kika yarda da shi, ki kuma nemi ta faɗa miki kuɗin injin wankin shi kaɗai.