Amsa ga Kawu kan ƙwallon da yaranmu ke bugawa a Amurka

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ka tambaye ni dalilin da ya sa mu Hausawan da ke zaune a Maryland muke barin 'ya'yanmu su shiga wasan American football, wanda ka ce ba ka ga komai a cikinsa ba sai ture-ture. Ka kuma ce yaron nan namu ko taɓa ƙwallon ba ya yi, to me yake nema a filin?

Gaskiyarka, ba ya taɓawa, kuma aikinsa ke nan. A cikin mutum 11 da ke kai hari, biyar ne ke tsayawa a sahun gaba, kafaɗa da kafaɗa. Doka ma ta hana a jefo musu ƙwallo su cafe. Nasu shi ne su tare abokan hamayya don mai jefa ƙwallo ya samu sukuni, ko su buɗe wa mai gudu hanya. In an ci, wani ake yi wa tafi. In an kayar da mai jifa, su ake zargi. Yaranmu masu ƙiba da ƙarfin ƙashi, waɗanda a gida za a bar su a bakin fili suna kallo, a nan gurbinsu ke nan, kuma ana girmama shi.

Duk lokacin da wannan magana ta taso bayan sallar Juma'a, sunan da nake kawowa shi ne Art Shell. Baƙar fata ne, haifaffen Charleston a jihar South Carolina a 1946, kuma a nan jiharmu ya yi karatu, a Maryland State College da ke garin Princess Anne, ɗaya daga cikin makarantun da aka kafa wa baƙaƙen fata tun zamanin wariya. Ƙungiyar Oakland Raiders ta ɗauke shi a 1968, ya riƙe mata ƙarshen sahu na hagu, yana sanye da lamba 78, har zuwa 1982, abokin sahunsa Gene Upshaw na gefensa a mafi yawan shekarun. Da shi suka ci kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na NFL, babbar gasar ƙwararru a wannan wasa, a Janairun 1977, suka doke Minnesota Vikings da 32 da 14. A wannan wasa ya danne Jim Marshall, gwarzon 'yan bayansu, har aka tashi kamar ba ya filin. Sun sake ci a Janairun 1981 a kan Philadelphia Eagles.

Da ya ajiye wasa bai tafi ko'ina ba. Ya koma yana koya wa 'yan sahun gaba na Raiders abin da ya sani, daga 1983. A Oktoban 1989 mai ƙungiyar, Al Davis, ya sallami mai horarwa Mike Shanahan ya damƙa wa Shell ragamar horarwa gaba ɗaya. Kawu, ka duba wannan da kyau: tun zamanin Fritz Pollard, baƙar fatan da ya fara riƙe wannan muƙami a shekarun 1920, babu baƙar fatar da aka ba shugabancin horar da ƙungiya a gasar NFL, alhali filayen cike suke da baƙaƙen 'yan wasa. An yarda da ƙarfin jikinsu, ba a yarda da kansu ba. Shell ne ya karya wannan, kuma daga gurbin da jahilin wasa ke ɗauka na ƙatti ne kawai. Alhali ɗan sahun gaba dole ya haddace inda kowa zai nufa a kowane shiri, ya karanta tsayuwar abokan hamayya kafin a motsa ƙwallo. Shi ya sa masu horarwa da yawa daga nan suke fitowa. John Madden, wanda ya horar da Shell, a sahun gaba ya yi wasa, haka ma Andy Reid na Kansas City Chiefs.

A 1990 Raiders ta ci wasa 12 ta faɗi 4 a hannunsa, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Buffalo Bills ta lallasa ta. Bayan kakar 1994 aka sallame shi, yana da nasara 54 da faɗuwa 38. Ni dai har gobe ina ganin ba a yi masa adalci ba, kuma shi kansa Davis ya yarda daga baya cewa kuskure ne. Ya je ya yi aikin mataimaki a Kansas City da Atlanta, ba girman kai. Da aka dawo da shi a 2006 abin bai yi kyau ba, nasara 2 kacal a wasa 16, aka sake raba gari.

Ba wanda a cikinmu yake lissafin ɗansa zai kai NFL, don ƙalilan ne ke kaiwa. Abin da muke dubawa shi ne makarantun sakandare ba sa barin yaro ya yi wasa in makinsa ya faɗi, kuma wanda ya yi fice jami'a na iya ɗauke masa kuɗin karatu, wanda a ƙasar nan ba ƙaramin nauyi ba ne. Mukan fara zuwa mu ga mai horarwar ido da ido, mu ji yadda yake magana da yara, mu gaya masa namu na sallah ne. Wasannin galibi daren Juma'a ake yi, daga Satumba zuwa Nuwamba, in magariba ta riske mu mukan samu gefe mu shimfiɗa darduma.

Amma kanmu bai haɗu ba. Bugun kai da ake yawan samu yana iya taɓa ƙwaƙwalwa, an tabbatar da haka a kan tsofaffin 'yan wasa da dama, kuma 'yan sahun gaba su ke karo a kowane tashi. Akwai gidajen da iyaye mata suka hana sam, suka tura yaran ƙwallon ƙafa irin tamu ko ƙwallon kwando, kuma ban ga laifinsu ba. Mu a gidanmu mun yarda ya yi, bisa sharaɗin duk ranar da likita ya ce kansa ya bugu, ya ajiye hular kwanon wasan har sai likitan da kansa ya sake ba shi izini. Mahaifiyarsa ce ta gindaya sharaɗin, ni kuma na goya mata baya. A gaishe da Inna da sauran mutanen gida.