Me ya sa kwanan wata ke juyewa a fayil ɗin CSV?

Ɗana, ka ce ka adana aikinka na Excel a matsayin CSV, wato fayil mai raba bayanai da waƙafi, da aka buɗe a wata kwamfutar sai 03/04/2024 ta zama 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu, wani wurin kuma 45292 ya fito.

Excel lamba yake ajiyewa, yana ƙirga kwanaki daga 1 ga Janairun 1900. A lissafinsa, 1 ga Janairun 2024 ita ce 45292. Abin da idonka ke gani a akwatin riga ce aka sa wa lambar. Da ka haɗa akwatin da wani rubutu ta hanyar alamar &, rigar ta faɗi, lambar ta fito fili.

Shi kuwa CSV rubutu ne zalla, abin da ke bayyane kaɗai yake kwashewa. Idan akwatin na ɗauke da sa'a amma rana kawai yake nunawa, sa'ar ta tafi ke nan. Kwamfutar da ta buɗe shi kuma da nata saitin yanki za ta fassara. Mu rana muke farawa da ita, saitin Amurka wata yake sawa gaba. Mugun abin shi ne 25/04/2024 ba za ta juye ba, tunda babu wata na 25, sai ta zauna a matsayin rubutu ta manne hagu. Daga 1 zuwa 12 ne ke juyewa shiru, babu gargaɗi.

Kafin ka fitar, buɗe sabon layin tsaye ka rubuta =TEXT(A2,"yyyy-mm-dd"), inda A2 shi ne akwatin kwanan wata na farko, ka ja shi har ƙasa. Za ka samu 2024-04-03, tsarin rubuta kwanan wata na ƙasa da ƙasa mai suna ISO 8601, wanda ba ya rikita kowa. Kwafe shi ka liƙa da Paste Values, sannan ka adana. Shekara kuma ka rubuta ta cikakkiya, domin Excel na iya ɗaukar 30 a matsayin 1930.

Kada ka duba fayil ɗin da danna shi sau biyu, Excel zai sake fassara shi yadda ya ga dama. Buɗe shi a Notepad ka ga ainihin abin da aka rubuta.

Idan kai aka turo wa fayil mai tsarin rana a gaba, shigo da shi a matsayin rubutu, ka bi Data, Text to Columns, a mataki na 3 ka zaɓi Date, DMY, wato rana, wata, shekara. In daga Nijar ya zo, saitin Faransanci da alamar ; yake raba bayanai, ba da waƙafi ba, sai ka zaɓi wannan alamar tun wajen shigowa.