Dishi-dishin nan da gangan ne

Ɗan'uwa, ka tambaya ko rashin ƙwarewa ne ya sa fuskokin yara ke fitowa dishi-dishi a zanen Monet, mai zanen nan ɗan Faransa. Wallahi da gangan ne. Dubi zanensa na 1873 a Argenteuil, Faransa: mace da yaro suna gangarowa cikin filin jajayen furanni, ciyawa ta kusa shanye yaron. Jajayen furannin nan ɗigon fenti ne kawai da bakin buroshi, na kusa manya, na nesa ƙanana. A waje, cikin fili, Monet ya riƙa aiki, da sauri, kafin hasken rana ya sauya. Ni zanen yana taɓa zuciyata, domin kuwa haka nake tuna ƙuruciyata: zafin hantsi, ƙaiƙayin ciyawa a ƙwauri, fuskokin abokai kuwa sun dushe. Ja da baya taku uku, ka sake kallo.