Tambaya da Amsa: Ƙaramar manhajar saita launi ko babba?

Tambaya: Malam, ina gyaran hotuna a kwamfuta, amma idan aka buga su a takarda sai su fito da duhu, fatar mutane ta yi ja. Zan sayi na'urar auna launin allo, sai na tarar manhajarta iri biyu ce, ƙarama da babba. Wacce ta dace da ni?

Amsa: Tun da bugawa kake yi, babbar ce taka. Amma ka sani, ingancin awo daga na'urar da ake rataya wa a fuskar allo yake fitowa, irin Spyder ta kamfanin Datacolor ko na'urar kamfanin Calibrite. Abin da babbar manhaja ke ƙara maka shi ne ikon zaɓar ma'aunin da kake so.

Ƙaramar takan tsaya kan ma'aunin da aka saba: farin 6500K (lambar K ke nuna ko farin ya karkata ga shuɗi ko ga rawaya), gamma 2.2 (yadda haske ke hawa daga baƙi zuwa fari), haske kusan 120 cd/m². Ga wanda hotunansa ba sa wuce intanet, wannan ya wadatar.

Duhun da kake kuka da shi kuwa, yawanci hasken allo ne ya yi yawa. Allon yana ƙyalli, kai kuma kana ta rage hasken hoton, ita kuwa takarda ba ta da fitila a bayanta. A babbar za ka iya saukar da haske zuwa 80 ko 100, ka matsa da farin wajen 5000K don ya yi kusa da na takarda, ka daidaita allo biyu su zo ɗaya. Tana kuma sake auna launuka bayan an gama, ta ba ka lambar kuskure da ake kira Delta E. Ƙasa da 2 ya yi kyau. Wata manhaja mai suna DisplayCAL kyauta ce kuma tana yin wannan duka, sai dai ka fara duba ko tana karɓar na'urarka.

Kafin awo, bar allon a kunne minti 30, goge shi, kashe saitin hasken dare na allon da sauyin haske na kai-tsaye, kuma kada rana ta faɗo masa. Idan ka sauya manhaja, cire tsohuwar gaba ɗaya, don in ba haka ba kowacce za ta riƙa ɗora nata saitin a kan na ɗayar. Maimaita awon duk wata.

Jan fatar nan zai iya zama daga firinta ne. Nemi fayil ɗin ICC (mai bayanin yadda launuka ke fitowa a bugu) na takardar da firintar da ake buga maka da su, ka duba hoton da shi kafin ka tura.