Amsoshin Tambayoyinku: Kansar Hanji Ta Taɓa Hanta, Wane Gwaji Za A Biya?

Wata baiwar Allah ta rubuto cewa an yi wa mijinta tiyatar kansar babban hanji, yanzu gwajin CEA ya ɗan hau, ta kasa barci, wai shikenan cutar ta shiga hanta?

'Yar uwa kwantar da hankalinki, Allah ya ba shi lafiya. CEA wani sinadari ne da ake aunawa a jini, kuma yana hawa ko don shan taba ko wani ciwon hanta daban. Likita ba lamba ɗaya yake kallo ba, yana duba ko tana ta hawa ne gwaji bayan gwaji. Gaskiya ne hanta ce inda cutar ta fi zuwa, saboda jinin hanji ta hanta yake fara bi, amma hoton CT ko MRI ne zai nuna. Ko an gani ma, akwai waɗanda ake yanke wurin su warke. Ku maimaita gwajin, ku yi hoton.

Wani kuma ya ce an rubuta wa mahaifinsa mai kansar hanji gwajin KRAS, NRAS da BRAF (ƙwayoyin gado ne da ake dubawa a naman kansar), da tsada, ko a tsallake a sayi magani kawai?

Kar ka tsallake malam. Kusan kashi 40 cikin 100 na masu wannan cutar suna da sauyi a KRAS, kuma in akwai shi, allurar cetuximab ko panitumumab ba za ta yi aiki ba, ka ga an zubar da kuɗi ga wahalar ƙuraje a banza. Ka tambayi likita gwajin MSI ma, wani gwajin naman kansar ne, shi ke nuna ko pembrolizumab, maganin da ke sa garkuwar jiki ta yaƙi kansar, zai amfane shi, duk da dai kusan kashi 5 ne kawai na waɗanda cutar ta bazu suke dacewa. Da naman da aka cire lokacin tiyata ake gwajin, don haka ku tabbatar lab ɗin ya adana shi.

Sai mai tambayar wai na'urar da ake riƙewa a hannu kwamfuta ta zano cutukan jiki cikin minti biyu, ko ta isa a duba hanta? Haba! Wannan ko amsa bai kamata in ba shi ba, amma abin yana ci min rai. Ƙarfen da ka riƙe a tafin hannu ina zai ga abin da ke cikin ƙwayar halitta, abin da sai an yanki nama an kai lab an yi kwanaki? Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ka lura duk mai na'urar nan yana da kwalaben magani a gefe da zai sayar maka nan take, a ce maka hanta ta wanke, ka koma gida ka saki jiki wata shida, lokacin da tiyata za ta yiwu ya wuce, kuɗin hoton gaske kuma an cinye. Haka masu tallan gwajin jini a intanet da ke alƙawarin gano kowace kansa. Duk gwajin da likitan da ke duba majinyacin bai rubuta ba, kuma ba zai canza maganin da za a ba shi ba, kar ka ba da ko sisi.