Tambayoyinku: Kwanson tsohuwar kwamfuta Commodore 64 da zafin Maraɗi

Tambaya daga Unguwar Zariya: Malam, na gaji Commodore 64 daga wajen baffana. Tana tashi, amma kwansonta ya tsage, mazaunin sukurori ya ɓare. Wani ya ce zai buga mini sabo da injin 3D. In yarda?

Ɗan'uwa, kafin ka ba shi ko dala, tambaye shi da wace roba zai buga. In ya ce PLA, ka yi masa sallama. Wannan abu yana ci mini rai. PLA tana fara laushi ne a wajen digiri 60, kai kuma a Maraɗi kake. Ka bar ta cikin mota a rufe da azahar a watan Afrilu, ka dawo ka iske kwanso ya lanƙwashe kamar faifai, madannai sun daina zama daidai. Injin da ya fito a 1982, ya rayu har yau, ai bai cancanci wannan wulaƙanci ba. Ka nemi PETG, ita tana jurewa har wajen digiri 80.

Sannan faɗin kwamfutar ya kai santimita 40, farantin yawancin ƙananan injinan bugawa kuwa bai wuce 22 ba. Ke nan gunduwa-gunduwa za a buga a liƙa, kuma layin haɗin zai fito.

Ni dai gyaran na asali na fi so. Robarsa ABS ce, asiton, wato sinadarin da ake goge jan farce da shi, yana narkar da ita. Jiƙa ɓarɓashin da ya karye cikin asiton kaɗan har ya zama kamar kunu mai kauri, ka cike tsagar ta ciki, ka bar shi ya kwana. Don Allah ban da sufa gulu. In ya ƙi, akwai sabon kwanso na zubi: a 2014 an gano ainihin mazuban ƙarfe na samfurin 64C, wato Commodore 64 da aka sake wa fasali daga baya, a Texas ta Amurka, aka koma zuba sababbi da su. Allon cikin taka zai zauna a ciki, sai dai kuɗin aikowa.

Tambaya daga Sabon Gari: Tawa ta yi ja kamar goro. In shafa mata fenti?

Kai ma da fenti, sai ka ce ƙofar shago! Rana ce ta ci robar. Wanke da ruwan sabulu, ka ɗauke ta daga bakin taga.

Tambaya daga Ɗan Gulbi: Zan iya ci gaba da amfani da tsohuwar cajarta?

A'a. In ta tsufa tana tura wutar da ta wuce bolt 5, ta ƙone ma'adanar ƙwaƙwalwa. Sayi sabuwa.